Fiɗa Ko Zura Bututu? Zaɓin Da Ke Gaban Mai Kumburin Babbar Jijiya

A cikin cututtukan da ke ɗauke dattawa farat ɗaya, ba jinya ba sallama, akwai wata wadda jama'a ba su cika jin labarinta ba, watau kumburin babbar jijiyar jini ta ciki. Mutum yakan ɗauke ta shekara da shekaru yana zuwa ofis, yana ci yana sha, yana barcinsa lami lafiya, har ranar da jijiyar za ta fashe. Ita ce ta yi ajalin mashahurin masanin kimiyyar nan Albert Einstein a garin Princeton na Amurka ran 18 ga Afrilu 1955, ita ce kuma ta yi ajalin Janar Charles de Gaulle, tsohon shugaban Faransa, a gidansa ran 9 ga Nuwamba 1970. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin kowane mutum goma da jijiyar ta fashe musu, wajen takwas ba su tashi, da yawansu ma tun ba a kai su ɗakin tiyata ba.

Idan aka yi katari aka gano kumburin kafin ya fashe, akwai hanyoyi biyu na gyara shi. Ta farko ita ce tsohuwar hanya, watau a fiɗe ciki a ɗinka sabon bututu a madadin wurin da ya lalace. Ta biyu ita ce sabuwar hanya, watau a zura bututun ta cikin jijiyar cinya ba tare da an buɗe ciki ba. Sabuwar hanyar ta ci kasuwa ƙwarai, har ta kai a Amurka wajen kashi 80 cikin ɗari na irin wannan gyara da ita ake yi. Saboda haka mutane da yawa, har da wasu masu ilmi, sun ɗauka magana ta ƙare, fiɗa ta zama tsohon yayi. To, wannan zato akwai gyara a cikinsa. Abin da bincike na fiye da shekara ashirin ya nuna shi ne sabuwar hanya tana da sauƙi a farko, amma tana ɗora wa mutum wani bashi da zai yi ta biya muddin ransa, kuma wanda ba shi da halin biyan wannan bashi bai kamata a ɗora masa shi a rufe ba.

Yadda cutar take

Babbar jijiyar da ake magana a kai, wadda likitoci ke kira awota, ita ce ke ɗauko jini daga zuciya, ta bi ta ƙirji ta sauko ciki tana jingine da ƙashin baya, ta ba ƙoda da hanji rabonsu, sa'an nan wajen saitin cibiya ta rabu biyu zuwa ƙafafu. Faɗinta a cikin baligi wajen santimita 2 ne. Idan bangonta ya yi rauni sai ta soma buɗewa sannu a hankali, kamar yadda tayar keke ke yin ciki a wurin da zarenta ya tsinke. In faɗin ya kai santimita 3 sai a ce akwai kumburi. Mafi yawan kumburin a ƙasa da jijiyoyin ƙoda yake fitowa. Ya fi kama maza waɗanda suka haye shekara 65, kuma babu abin da ke jawo shi kamar shan taba. Hawan jini da gado su ma suna da hannu. Mata ba su cika samunsa kamar maza ba, amma in sun samu nasu ya fi saurin fashewa.

Ba kowane kumburi ake taɓawa ba. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya a kan mutum 1,090, aka bayyana sakamakonsa a 1998, da wani irinsa da aka yi a Amurka aka bayyana a 2002, sun nuna cewa muddin faɗin bai kai santimita 5.5 ba, gaggawar yin aiki ba ta ƙara wa mutum kwana, domin haɗarin fashewar irin wannan ƙaramin kumburi wajen kashi 1 cikin ɗari ne a shekara. Sai dai a riƙa auna shi lokaci lokaci. In ya kai santimita 5.5 ga namiji, ko wajen 5 ga mace, ko yana girma da sauri, ko ya soma ciwo, to, nan ne ake zaunawa a yi shawarar gyara.

Hanyoyin biyu

Likitan fiɗa na farko da ya yi nasarar yanke kumburin ya maye gurbinsa shi ne Charles Dubost, a birnin Paris, cikin watan Maris 1951, ya kuwa yi amfani ne da jijiyar wani mamaci. Kafin wannan, abin da likitoci ke iyawa kaɗan ne. Shi kansa Einstein, a ƙarshen 1948, abin da likita Rudolph Nissen ya yi masa shi ne naɗe kumburin da wata irin leda don bangon ya yi tauri. Cikin shekarun 1950 Michael DeBakey na birnin Houston ya shigo da bututun yadin Dacron, wanda ya fara ɗinkawa da keken ɗinkin matarsa. Har yanzu asalin aikin bai sake ba. Akan sa wa mutum maganin barci, a tsaga ciki daga ƙahon zuciya zuwa mara, a kawar da hanji gefe, a matse jijiyar sama da ƙasa don jini ya tsaya, a buɗe jakar kumburin, a ɗinka bututun da zare a jikin lafiyayyen bango, sa'an nan a rufa jakar a kansa.

Babu mai musun cewa wannan gagarumin aiki ne. Matse babbar jijiya yana wahal da zuciya, ana zubar da jini har a bukaci ƙari, huhu da ƙoda suna jigata. Mai jinya yakan kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman, ya yi mako guda ko fiye a asibiti, kuma yakan yi wata biyu ko uku kafin ƙarfinsa ya dawo. Daga baya wurin ɗinkin cikin yana iya yin ƙaba, hanji yana iya mannewa, wasu mazan kuma sukan sami tangarɗa wajen iyali. Amma fa in mutum ya haye wannan tudu, galibi shi da kumburin sun rabu ke nan, domin ɗinki ne aka yi, kuma jakar ta riga ta zama fanko.

Sabuwar hanya kuwa, wani likitan Tarayyar Sobiyet, Nikolai Volodos na birnin Kharkov, shi ya fara gwada ta a jijiyar ƙirji a 1987. Wanda ya fito da ita duniya ta sani shi ne Juan Parodi na Buenos Aires a Ajantina, wanda ya yi wa mai kumburin ciki aikin cikin watan Satumba 1990. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da samfuran farko a 1999. Bututun yadi ne mai ragar waya a jikinsa, siffarsa kamar wando, an matse shi cikin wani siririn kube. Akan huda jijiyar matsematsin cinya, a tura shi sama ana kallo ta na'urar hoto, in ya kai daidai ƙasan jijiyoyin ƙoda sai a zare kuben ya buɗe ya kama bango. Jini ya koma bi ta cikinsa. Ba a tsaga ciki, jinin da ake zubarwa kaɗan ne, wani lokaci ko maganin barci ba a sawa, sai allurar kashe zafi. Bayan kwana biyu ko uku mutum ya koma gida.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya lura da abu guda, domin a kansa dukan gardamar ta rataya. A wannan hanya ba a ɗinka kome. Ƙarfin waya da 'yan ƙugiyoyi ne ke riƙe bututun, kuma jakar kumburin tana nan daram, an dai kewaye ta ne. Bangon da bututun ya kama shi ma ba rabuwa ya yi da cutar ba, yana iya ci gaba da buɗewa. In haka ta faru sai bututun ya zame, ko jini ya sami kafa ya koma cikin jakar. Haka kuma mahaɗin ƙafafun wandon yana iya rabuwa, yadin yana iya hujewa, ƙananan jijiyoyi na gefe suna iya mai da jini baya. Wannan shi ake kira yoyo. Wani yoyon ba shi da lahani, yakan toshe da kansa. Wani kuwa yana mai da mutum inda ya fito, jakar ta ci gaba da girma har ta fashe. Mugun abin shi ne yoyon ba ya ciwo, ba ya ba da wata alama. Hoto kaɗai ke tona shi.

Abin da bincike ya nuna

An yi manyan gwaje-gwaje inda aka raba marasa lafiya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, aka yi wa waɗannan fiɗa, waɗancan aka zura musu bututu, sa'an nan aka bi su shekaru. Mafi girma shi ne na Birtaniya mai suna EVAR-1, ƙarƙashin Farfesa Roger Greenhalgh, wanda ya ɗauki mutum 1,252 tsakanin 1999 da 2004. A cikin kwana 30 na farko, kashi 1.8 cikin ɗari na masu bututu ne suka mutu, alhali na masu fiɗa kashi 4.3 ne. Gwajin DREAM na Holan da Beljiyam ya sami kashi 1.2 da kashi 4.6. Gwajin OVER, wanda aka yi a kan tsofaffin sojojin Amurka 881, ya sami kashi 0.5 da kashi 3. Wannan bambanci ba abin rainawa ba ne. Ma'anarsa ita ce cikin kowane mutum ɗari, wajen uku da fiɗa za ta kashe a watan farko, bututu yana mai da su gida da ransu.

Da a nan labarin ya tsaya, da babu sauran gardama. Amma Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da aka ci gaba da bin mutanen, sai aka ga wannan riba ta farko tana zagwanyewa. Kafin shekara biyu ko uku yawan waɗanda ke raye a ɓangarorin biyu ya zo daidai. A gwajin DREAM, bayan shekara shida kashi 69 na masu bututu ne ke raye, na masu fiɗa kuwa kashi 70, amma wajen kashi 30 na masu bututu an sake yi musu wani aiki, a kan kashi 18 na masu fiɗa. Da masu gwajin EVAR-1 suka bayyana sakamakon shekara 15 a mujallar Lancet a 2016, sai aka ga bayan shekara takwas ma'auni ya karkata ga fiɗa. Mutum 13 daga masu bututu sun mutu a wannan tsakani saboda fashewar jakar da aka ce an gyara, daga masu fiɗa kuwa biyu.

Wani nazari da aka yi a kan tsofaffin da ke cikin shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, Medicare, wanda ya gwama mutum kusan dubu 40 daga kowane ɓangare, aka buga shi a 2015, ya zo da irin wannan labari. Mutuwa lokacin aiki kashi 1.6 ce ga masu bututu, kashi 5.2 ga masu fiɗa. Cikin shekara takwas kuwa, jijiya ta fashe wa kashi 5.4 na masu bututu, a kan kashi 1.4 na masu fiɗa. Adalci ya wajabta a faɗi cewa nazarin ya nuna su ma masu fiɗa suna komawa asibiti saboda ƙaba da mannewar hanji fiye da masu bututu. Sai dai ƙaba tana ba da sanarwa, mai ita ya je a gyara masa. Fashewar babbar jijiya ba ta ba da wannan dama.

Hujjojin masu goyon bayan bututu

Masu goyon bayan sabuwar hanya suna da hujjoji waɗanda ba a kawar da su da hannu ɗaya. Suna cewa bututun da aka yi waɗancan gwaje-gwaje da su tsofaffin samfura ne, na yanzu sun fi inganci, na'urorin hoto sun ci gaba, likitoci kuma sun ƙware. Suna nuna cewa gwajin OVER, da aka bi mutanensa har shekara 14 aka bayyana sakamakon a 2019, bai ga wani bambancin tsawon rai tsakanin hanyoyin biyu ba, har ma rahotonsa na 2012 ya nuna 'yan ƙasa da shekara 70 sun fi cin moriyar bututu. Suna kuma cewa dattijo ɗan shekara 78 mai ciwon zuciya da na huhu ba ya bukatar gyaran da zai yi shekara ashirin, abin da yake bukata shi ne ya tsira daga wannan wata. Bugu da ƙari, in aka tambayi marasa lafiya da kansu, akasarinsu ƙaramin aikin suke zaɓa.

A cikin waɗannan hujjoji, ta dattijo mai rauni ita ce mafi ƙarfi, kuma karɓaɓɓiya ce. Haka nan a wajen wanda jijiyarsa ta riga ta fashe. Gwajin IMPROVE, wanda Farfesa Janet Powell ta jagoranta a kan mutum 613, ya nuna cewa a watan farko hanyoyin biyu kusan ɗaya suke, kashi 35 da kashi 37 na mace-mace, amma bayan shekara uku kashi 48 ne suka mutu a ɓangaren da aka fara neman zura wa bututu, a kan kashi 56 a ɓangaren fiɗa, kuma na farkon sun fi saurin komawa gida. Saboda haka duk asibitin da ke da hali, ya kamata ya tanadi wannan hanya domin ranar gaggawa.

Amma hujjar sababbin samfura tana da rauni a gindinta. Samfurin da ya fito shekara biyar da suka wuce ba shi da shaidar shekara goma sha biyar, kuma matsalar da ake tsoro a shekara ta takwas ko ta goma take bayyana. Kome kyan bututu kuwa, ba shi ke hana bangon jijiya ci gaba da lalacewa ba. Game da gwajin OVER, shi ma rahotonsa na 2012 ya ƙirga fashewa shida a cikin masu bututu, babu ko ɗaya a cikin masu fiɗa, ga shi kuwa mutane ne da ke cikin tsarin asibitocin sojoji inda ake bibiyarsu a kai a kai. Zaɓin maras lafiya kuma yana da daraja ne idan an gaya masa duka labarin. Wanda aka ce da shi kwana biyu ko kwana goma, ai kwana biyu zai zaɓa. Wanda aka ƙara masa da cewa zai riƙa zuwa hoto kowace shekara har ƙarshen ransa, kuma akwai yiwuwar a sake komawa cikin jijiyarsa, shi ne ya yi zaɓi na gaskiya.

Akwai kuma waɗanda rauninsu ya kai ga ko wanne aka yi musu ba ya ƙara musu kwana. Gwajin EVAR-2 ya ɗauki mutum 404 waɗanda likitoci suka ga ba za su jure fiɗa ba, aka zura wa rabi bututu, aka bar rabi ba aiki. Kashi 7 na waɗanda aka yi wa aikin sun mutu a watan farko, kuma ko da yake mutuwa ta dalilin fashewa ta ragu daga baya, jimillar tsawon rai ba ta bambanta ba, domin sauran cututtukansu ne suka ɗauke su. Darasin da ke nan shi ne sauƙin aiki ba ya zama dalilin yi wa kowa shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saɓanin ya kai har ga hukumomi. A 2018 hukumar NICE, mai tantance hanyoyin jinya a Ingila, ta fitar da daftarin da ya nemi a daina zura bututu ga kumburin da bai fashe ba, saboda tsadarsa da rashin ƙarkonsa. Likitocin fiɗar jijiyoyi suka yi ca a kanta. A watan Maris 2020 ta sassauta, ta ce a fara ba da fiɗa, a koma ga bututu in akwai dalilin da ya hana fiɗa. Ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Turai kuwa, a ƙa'idojinta na 2019, ta fifita bututu ga akasarin waɗanda siffar jijiyarsu ta dace, amma ta fifita fiɗa ga wanda ake sa ran yana da sauran shekaru masu yawa a gaba. Duk da wannan saɓani, dukansu sun haɗu a kan cewa fiɗa ba ta mutu ba.

Sai dai ana iya kashe ta da gangan ko da sakaci. Aikin hannu in ba a yinsa hannu yakan manta. A ƙasashen da bututu ya mamaye, matasan likitoci suna gama horo ba su buɗe ciki sau da yawa ba, alhali fiɗar da ta rage ita ce mafi wuya, watau ta mutanen da siffar jijiyarsu ba ta karɓi bututu ba, da ta waɗanda bututunsu ya gaza sai an ciro shi. Ba kowace jijiya ce ke karɓar bututu ba, domin yana bukatar lafiyayyen wuya mai tsawon santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a ƙasan jijiyoyin ƙoda, wanda bai cika lanƙwasa ba. Shi ya sa ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Amurka ta ba da shawara a 2018 cewa kada a yi fiɗar sai a asibitin da ke yin aƙalla guda goma a shekara, mace-macensa kuma ba su wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.

Inda abin ya shafi gida

Wannan gardama ta Turai da Amurka tana da reshe a nan gida, domin ba baƙon abu ba ne ma'aikaci ko ɗan fansho ya tafi Indiya, ko Masar, ko Ingila neman magani. Ga wanda ya je da kuɗin masauki a ƙirge da biza mai wa'adi, aikin da za a sallame shi bayan kwana uku abin marmari ne ƙwarai. To, amma asibitin da ya zura bututun yana can, mai bututun kuma ya dawo Kano ko Gusau ko Damagaram. Wa zai ɗauki hoton kowace shekara? Wa zai karanta shi da idon da ya san yoyo? In an ga yoyon, wa zai gyara, da waɗanne kaya, da kuɗin wa? Ko a Amurka, inda na'urorin suke ko'ina, wani nazari na 2015 ya gano cewa bayan shekara biyar kimanin rabin masu bututu sun daina zuwa hoton shekara shekara. In haka ta faru a can, ba sai an faɗi abin da zai faru ga wanda ke bukatar tikitin jirgin sama kafin ya ga likitansa ba.

Daɗin daɗawa, cutar ba kullum take zuwa da fuskarta ta Turai a Afirka ba. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna irin kumburin nan na tsufa da taba ya fi yawa a farar fata bisa baƙar fata. A wani gefen kuma, likitocin fiɗa na birnin Durban a Afirka ta Kudu sun ba da rahoton kumburin jijiyoyi a jikin matasa masu ɗauke da cutar ƙanjamau, kuma an daɗe da sanin tarin fuka da wasu ƙwayoyin cuta suna cin bangon jijiya. Ɗan shekara 45 yana bukatar gyaran da zai kai shi shekara talatin, jijiyar da ƙwayar cuta ta kama kuwa ba wurin da ake son cusa baƙon abu a bari ba ne. Waɗancan manyan gwaje-gwaje ba a kan irin waɗannan mutane aka yi su ba, saboda haka kwafar sakamakonsu ido rufe kuskure ne.

Abin da ya kamata

Na farko, duk wanda aka ce yana da wannan kumburi, kamata ya yi shi da iyalinsa su tambayi likita faɗinsa, ko ya kai a taɓa shi, ko siffar jijiyarsa ta dace da bututu bisa ƙa'idar masu ƙera shi, ko jikinsa zai ɗauki fiɗa, da kuma sau nawa asibitin ke yin kowane ɗaya daga ayyukan biyu a shekara. Mai sauran ƙarfi da sauran shekaru, musamman wanda zuwa hoto kowace shekara zai yi masa wuya, fiɗa a hannun gwani ita ta fi masa. Mai yawan shekaru ko mai raunin zuciya da huhu, wanda siffar jijiyarsa ta dace, bututu ya fi masa, da sharaɗin an shirya inda za a riƙa duba shi tun kafin a yi aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, ma'aikatu da hukumomin da ke biya wa ma'aikatansu kuɗin jinya a waje, da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa wadda dokar 2022 ta kafa a Nijeriya, ya kamata su ɗauki kuɗin bibiya a matsayin wani ɓangare na kuɗin aikin kansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Asibitocin koyarwa kuma, kafin su yi ɗokin sayen na'urorin zamani, su tabbatar da ma'ajiyar jini, da ɗakin kulawa ta musamman, da ƙwararrun masu ba da maganin barci, da likitocin da hannunsu ya faɗa da fiɗa, domin ko a tsakiyar zura bututu abu yana iya ɓaci a koma buɗe ciki nan take. Zai fi amfani a tattara irin wannan aiki a 'yan cibiyoyi kaɗan masu yawan yinsa, maimakon kowane asibiti ya riƙa gwada ɗaya ɗaya.

Na uku, rigakafi ya fi magani. Wani bincike da aka yi a Ingila a kan maza 67,800 masu shekara 65 zuwa 74, aka bayyana a 2002, ya nuna cewa gayyatar su hoton ciki sau ɗaya da na'urar nan mai aiki da sauti, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, ya rage mace-macen wannan cuta da kashi 42 cikin ɗari. A kan haka ne Ingila ta soma gayyatar kowane namiji ɗan shekara 65 tun 2009. Dubawar ba ta wuce 'yan mintoci ba, kuma na'urar tana nan a asibitoci da yawa. Namijin da ya haye shekara 65 kuma ya taɓa zama mashayin taba, ko wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan cuta, ya cancanci ya nemi a auna masa jijiyar. Wanda kuma aka sami ƙaramin kumburi a jikinsa, babban abin da ke hannunsa shi ne ya bar taba tun yau, ya kula da hawan jininsa, ya kuma riƙa zuwa awo a ranakun da likita ya sa masa.